Layin da ke Aljihunka da Dokar da ke Kansa

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Ƙauran Namoda da Kuryar Madaro da Kasuwar Daji, ga na Shinkafi da Badarawa da Jangeru, ga na Zurmi da Dauran da Moriki da Gurbin Ɓore.

Yau hirarmu a kan waya ce, da kwamfuta, da gem ɗin da yaranmu ke bugawa, da kuma dokokin da aka kafa a kansu, waɗanda yawancinmu ba mu san da zamansu ba sai ranar da suka taka mu. In ka zauna teburin mai shayi a tashar Ƙaura aka ɗauko zancen, ba za a jima ba wani zai ce, "Ina ruwan hukuma da wayata? Da kuɗina na saye ta, da kuɗina nake sa kati." Magana ce mai daɗin ji. Amma duk wanda watan Satumba na 2021 ya riske shi a wannan yanki, ya riga ya ga amsarta da idonsa.

Ranar Juma'a, 3 ga wata, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a lokacin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta na shugabantarta, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Jihar Zamfara. Gwamna Bello Matawalle ne ya nemi haka ta hannun ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, don a toshe hanyar da ɓarayin daji ke magana da infomominsu, sojoji kuma su samu damar kutsawa daji. Kwana biyu kafin nan aka kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar sakandaren Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Rai a ɓace yake, shi ya sa mutane da yawa suka yi na'am da matakin. Mako biyu aka ce. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran jiha kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da janye umarnin. Kusan wata uku ke nan.

Ku tuna yadda muka yi. Da farko mai hali yakan hau mota har Funtuwa don kawai ya kira ɗansa da ke Legas, ko ya duba ko kuɗi sun shigo. Ba a jima ba Katsina ta kashe nata a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar da Jibiya, sai ƙofar mutanen Zurmi ta gabas ta rufe. Sakkwato ta bi sahu da guda 14, ciki har da Isa da Sabon Birni, ta mutanen Shinkafi ma ta rufe. Aka koma wasiƙa. Direban tasha ya zama gidan waya: a ba shi takarda a ninke da lambar wanda zai kira in ya isa inda akwai sabis, bayan kwana biyu ya dawo da amsa a baki, wani lokaci rabinta ya zube a hanya. An yi rasuwa an binne, 'ya'yan mamaci suna Kano ba su ji ba sai bayan sadakar uku. Mai POS ya naɗe lemarsa. Mai sayar da kati ya zauna yana kallon katinsa. Ga kasuwannin mako an rufe su a daidai wannan lokaci, har da ta Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke yi wa tsinke daga nesa. Abin da ya fi ciwo, ƙauyen da aka tasam ma da dare ba shi da yadda zai nemi agaji, balle ya gargaɗi maƙwabcinsa.

Har yau in an tuna, baki biyu ne. Wani ya ce, "Da anka kashe sabis mun samu barci, infoma ya rasa bakin magana." Wani ya ce, "Mu anka kashe ma, su ko sun ci gaba da sha'aninsu." Na farkon bai yi ƙarya ba, akwai wuraren da suka ga sauƙi na ɗan lokaci. Sai dai ni na fi karkata ga na biyun. Mutumin da ke da babur da bindiga, iyakar Nijar kuma ba ta yi masa nisa ba, ba zai rasa yadda zai isar da saƙo ba. Talakan cikin gari shi ya rasa. An maido da sabis, ta'addanci bai ƙare ba. A watan Afrilun 2024 da ɓarayin daji suka afka wa garin Zurmi, kayan sadarwar MTN na cikin abin da suka lalata. Hukuma ta kashe don ta hana ɓarawo magana, ɓarawo ya lalata don ya hana mu kiran hukuma, mu kuwa muna tsakiya.

Shin doka ta yarda a kashe? Akwai sashe na 148 na Dokar Sadarwa ta 2003, wanda ya ba NCC ikon janye sabis daga jama'a in an shiga halin gaggawa, ko don kare lafiyar al'umma. Ikon dai yana nan. Abin da nake ganin ya kamata a zauna a tsara shi ne ƙa'idar amfani da shi. Kwana nawa za a kashe kafin a dawo a gaya wa jama'a abin da aka cim ma? Wa zai duba ya ce ya isa haka? Me zai hana a bar lambar asibiti da ta jami'an tsaro suna shiga? Mai POS da ya yi wata uku a zaune, wa zai share masa hawaye? A wannan shekara ta 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Lauyoyi da ƙungiyoyi suka garzaya kotun ECOWAS, a Yulin 2022 kotun ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Manhaja guda ke nan, wadda a ƙauyukanmu ba kowa ya ma san sunanta ba. Mu da aka ɗauke wa sabis ɗungurungum, ƙorafinmu bai wuce majalisar bakin titi ba. Muna da sanatan Zamfara ta Arewa, muna da 'yan majalisar wakilai. Waɗannan tambayoyi a ajiye musu su, ranar da suka zo neman ƙuri'a a shimfiɗa musu.

Wancan ikon hukuma ne a kan turken sabis. Akwai kuma ikonta a kan ɗan ƙaramin katin da ke cikin wayar, kuma a nan na fi so mu daɗe, don nan ne mutanenmu ke kai kansu rami da ƙafarsu.

Tun Disamban 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar NIN ta mai shi. Ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, sun haura miliyan 70. Aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 14 ga Satumban 2024. Mun sha rana a ƙofar ofisoshin rajista, mun yi tsaki har mun gaji. Amma ma'anar abin ba kowa ya tsaya ya auna ba. Daga ranar da aka haɗa, duk abin da aka aikata da wannan layi, kai za a fara tambaya. Sunanka, hotonka, zanen yatsunka, duk suna rataye a jikinsa.

Zo mu tsaya gaban rumfar mai caji ranar kasuwa. Janareto na ruri a baya, allon katako ya cika da soket, wayoyi a jere reras, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya tafi da irin lambar a aljihu. Da yawansu ba makulli. Layin banki na ciki, saƙonnin alat na ciki. Gefe ga mai POS ƙarƙashin lema. Dattijo ya iso daga ƙauye, ya kwance ƙullin leda ya fiddo katin ATM, a jikin katin an naɗe takarda da lambar sirri rubuce da biro. Ya miƙa duka biyun ya ce, "Yaro, cire mini dubu biyar, ka duba mini saura nawa." Yaron ya karanta lambar da ƙarfi don ya tabbatar, ga mutane tsaye a bayansa suna ji. Mafi yawan masu cajin nan da masu POS mutanen kirki ne, amana ce jarinsu, shi ya sa har yau harkar ke tafiya. Amma wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda ya zare layinka na minti goma, in ya san kan abin, yana iya kutsawa asusunka ta lambobin nan da ake dannawa a ƙaramar waya, ya kwashi kati, har ya ci bashi da sunanka. Maganin ba shi da tsada. Layi ma ana sa masa lambar sirri tasa ta kansa, a sa masa. In za ka ba da caji, zare layin ka tafi da abinka.

Sai kuma masu zuwa da jaka a kafaɗa su ce rajistar tallafi ake yi. Su karɓi NIN, su karɓi BVN, su saita maka waya a fuska su ce ƙifta ido, juya kai dama, juya hagu. In an gama su damƙa maka dubu biyu su ce kafin alƙalami ne, sauran na tafe. Ƙifta idon nan da juya kai, shi ne shaidar da manhajojin kuɗi ke nema cewa mai asusun ne da kansa a gabansu. A 2025 hukumar EFCC ta fito ta yi gargaɗi a kan matasan da ke sayen bayanan mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, a buɗe asusu da su, a riƙa wucewa da kuɗin damfara ta ciki. A yanki irin namu, kuɗin da za su bi ta wannan asusu ba lalle su tsaya a na damfara ba, suna iya zama na fansa. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, ba mai jakar za su tarar ba. Ƙofar gidanka za su ƙwanƙwasa.

Haka wanda aboki ya ce masa, "Don Allah yi mini rajistar layi da NIN ɗinka, tawa ta ƙi shiga." Kunya ta hana shi cewa a'a. Layin ya bar hannun abokin ya koma hannun wani, daga can ya shiga daji. Ba mai hankalin da zai dangwala yatsa a farar takarda ya miƙa wa wani ya ce rubuta abin da ka ga dama, amma abin da mai ba da aron NIN ya yi ke nan. Haka mai sayen layin da aka riga aka yi wa rajista don ya huta da wahala: shi ma bai san tarihin da ya saya ba.

Akwai wani abu da magada kan manta. Mutum ya rasu, aka jefa wayarsa a akwati. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe lambar ya sake sayar wa wani. Sabon mai ita sai ya fara ganin alat na asusun marigayi, alhali kuɗin marayu ne. A je banki da wuri a sanar da su. Wanda kuma wayarsa ta ɓata, kada ya kwana yana jiran ko Allah zai sa a tsinta. Ya sa a rufe layin da asusun, sannan ya je ya yi walkam-bak, wato ya karɓo sabon layi da tsohuwar lambarsa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan waya da dokokin da ke kanta.

Akwai uzurin da na fi ji a bakin mutanenmu: "Ni turo mini anka yi, ni ko na tura." A 2015, gab da barinsa mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Laifukan Intanet. Sashe na 24 nata shi ya fi yin suna, don ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Yadda aka fara rubuta shi, hatta saƙon da ya ɓata wa wani rai yana iya kai mutum gidan yari, shi ya sa masu mulki suka yi ta dukan 'yan jarida da masu suka da shi. Kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, a Fabrairun 2024 aka gyara shi, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu. Yanzu ya taƙaita ga saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne amma ya aika don ya tada zaune tsaye ko ya jefa rai cikin haɗari. Ban ce an daina tsorata masu magana da shi ba, ba a daina ba. Amma sukar ɗan siyasa a kan hanyar da ya ƙi gyarawa haƙƙinka ne. Ƙarya kuwa, dokar ba ta ce sai wanda ya ƙirƙire ta ba. Wanda ya aika yana sane ya shiga ciki.

A nan wajenmu maganar ta fi ta Abuja nauyi. Kowa ya san odiyon dare: "Jama'a a yi hattara, an gan su da babura sun nufo yamma." Irin wannan saƙo ya ceci rayuka, kuma ba zan taɓa cewa a daina ba. Matsalar ita ce odiyon da ba rana, ba wuri, ba a san wanda ya gani ba. Bara aka yi shi, bana ya sake zagayowa. Gari ya watse cikin dare, mata da goyo a jeji, tsoho ya faɗi ya karye, gari ya waye ba kowa. Gobe in na gaskiya ya zo, sai a ce ai irin na rannan ne. Don haka in za ka yi gargaɗi, fara da faɗar ranar da sa'ar, faɗi wurin, faɗi ko idonka ya gani ko ji ka yi. In ya zo maka ba waɗannan, kira wani a garin da aka ambata kafin ka danna.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a ɗora hoton mutum a guruf a rubuta, "Wannan infoma ne." A ƙasar nan tamu wannan kalma na iya zama hukuncin kisa, kafin a bincika an gama da shi. Sau nawa daga baya ake jin ashe rikicin gona ne, ko takarar neman aure? Mai hujja ya kai wa jami'an tsaro ko hakimi. Shugabannin guruf, ku ma da haƙƙi a wuyanku: in irin wannan ya faɗo, goge shi, ka kira wanda ya ɗora.

Haka samarin da in budurwa ta ƙi su sai su haɗa hotonta da maganar banza su watsa. Zamfara ce jihar da ta fara aiki da shari'ar Musulunci a kan laifuka, a Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Haddin ƙazafi bulala 80 ne, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce in a waya aka yi ya halatta ba. A Kano, cikin Nuwamban 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, a kan bidiyon TikTok da suka yi wa Gwamna Ganduje. A ganina hukuncin ya yi wa barkwanci tsauri. Amma ya nuna cewa abin da aka yi cikin dariya a ɗaki, alƙali na iya kallonsa a kotu.

Mu leƙa gidan gem. Ɗaki ɗaya ne, benci biyu, talabijin uku da PlayStation, fanka na juyawa in janareto ya ga dama. Yara biyu sun biya kuɗin wasa, wannan ya ɗauki Madrid wancan Barcelona, sauran na tsaye a kansu suna ihu, wanda aka ci ya tashi. Dattawa da yawa sun yanke hukunci tuni: wurin lalata tarbiyya ne. A gafarce ni, iyayena, a nan ban bi ku gaba ɗaya ba. Yaron da ke gidan gem bayan la'asar an san inda yake, kuma a wannan zamani wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Abin lura shi ne lokaci: kada ya ci na makaranta, kada ya ci na salla, kada ya kai dare. Sai kuma kuɗi. Da zarar an ce kowa ya ajiye ɗari biyar wanda ya ci ya kwashe, wasa ya ƙare, caca ta fara, mai gidan kuma ya san haka.

Ita cacar ƙwallo, a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A Kano Hisba ta rufe shagunanta a wannan shekarar, a nan Zamfara kuwa da ma shari'a ta hana. Sai dai shagon ya tashi daga bakin titi ya koma cikin waya, inda ba ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Uba na iya rantsuwa cewa ɗansa bai taɓa taka gidan caca ba, kuma gaskiya ya faɗa, alhali kuɗin rajistar makaranta sun tafi a wasannin Firimiya na Asabar guda. Wannan ba aikin Hisba ba ne, aikin gida ne: a san manhajojin da ke wayar yaro, a san inda kuɗinsa ke zuwa.

Ba mu manta da shekarar mayinin ba. A Mayun 2024 Notcoin ta fashe, wasu suka ɗan samu, sai kowa ya duƙufa a kan Hamster Kombat. Ɗalibi, tela, matar aure, har da masu furfura, ana ta dangwalar fuskar waya dare da rana. Ranar 26 ga Satumba da ita ma ta fashe, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data da caji ba. Wannan dai lokaci aka yi asara. Waɗanda suka zuba jari a CBEX, da ta rufta a Afrilun 2025, su dukiya suka rasa. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu shirya irin wannan kawo-a-ninka-maka, amma ɗaurin wani ba ya maido maka da kuɗin shanunka.

Ga dalilin da ya sa nake kare yaron gidan gem. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Yaro ya gama sakandare a Moriki ko Jangeru, ya san karatunsa, amma ranar jarrabawa ce rana ta farko da ya zauna gaban kwamfuta. Hannu na rawa, yana laluben haruffa, agogo na tafiya a saman allo. Wanda ya saba da gem ba ya jin wannan tsoro. To me zai hana mai gidan gem ya ƙara tsohuwar kwamfuta ɗaya ko biyu a lungu, ya sa manhajar tsofaffin tambayoyin JAMB, yaro ya biya abin da yake biya na wasa ya gwada kansa? Ciniki ne a gare shi, lada ne kuma. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura tun 1983. Ɗalibanta 'yan yankin nan da suka san kwamfuta, in an yi hutu, sati biyu na koyar da ƙannensu zai rage hawaye ranar da sakamako ya fito.

Batun manhajar sata ba zan ja shi ba. Kwamfutocin da ke shagunanmu da yawansu da Windows ɗin da ba a saya ba suke aiki, kowa ya sani. 'Yan turi kuma suna cika mimori da finafinai da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta hana, har da abin da ake yaɗawa ta intanet. Ɗan turi abinci yake nema, amma mawaƙin ma da iyali, kuma mun ga yadda kasuwar faifan Kannywood ta mutu har masu fim suka koma YouTube. Abin da zan ja kunne a kai shi ne GBWhatsApp da 'yan uwanta, da ake turawa ta Xender don a riƙa karanta saƙon da aka goge. Ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, yana ma rufe lambar da ya kama da su. Ba ka san wanda ya ƙera ba, ka kuma miƙa masa hirarka da iyalinka da hotunan gidanka.

Ba duka dokokin nan ne na kama mu ba, akwai wadda aka yi don ta tsaya mana. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, da hukumarta mai suna NDPC. A ƙarƙashinta, duk wanda zai karɓi bayananka sai ya gaya maka abin da zai yi da su, kana da damar ƙi, kana da damar cewa a goge, kana da damar kai ƙara. Kun san manhajojin ba da bashi, waɗanda in ka makara kwana biyu sai su aika wa surukinka da limamin unguwarku saƙo cewa kai ɓarawo ne. Ta ina suka samu lambobin? Ranar da ka sauke manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarka, ka danna amincewa ba ka karanta ba. Bashin dai dole ka biya, amma tozarta ka a gaban mutane ba haƙƙinsu ba ne. Hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta fara farautarsu tun 2022, Google ma daga Mayun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. Kuma kada wani ya ce ai manyan kamfanoni sun fi ƙarfin doka. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a kan yadda ya yi da bayanan 'yan Nijeriya.

Lokaci ya ƙure mana. Kafin mu sake haɗuwa, duk wanda ya taɓa ba da aron NIN ɗinsa, ko ya ƙifta ido gaban wayar baƙo, ya je ofishin kamfanin layinsa ya nemi a duba masa layukan da ke kan lambarsa, wanda bai sani ba ya sa a cire. In an yi masa yawo da hankali, NCC na da lambar ƙorafi kyauta, 622. Ku kuma 'yan makaranta, yau da dare ku zauna da iyayenku ku taya su haddace lambar katinsu, sannan ku yaga takardar da ke naɗe a jikinsa.



(Kiɗan rufe shiri)